Ma'aunin Sabon Shiga

Hausawa suna da karin magana guda biyu waɗanda idan aka jera su wuri ɗaya sai a ga kamar suna jayayya da juna. Na farko yana cewa, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Na biyu kuwa cewa yake yi, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Wato ɗaya yana ba mutum izinin yanke hukunci tun da wuri daga alamun da ya gani, ɗayan kuma yana ja masa kunne da ya dakata har lokaci ya yi halinsa. Duk wanda aikinsa ya shafi auna mutane, malamin makaranta ne ko mai horar da 'yan wasa ko maigidan da ke da yara masu koyon sana'a, tsakanin waɗannan maganganu biyu yake kai da komowa tsawon rayuwarsa. Wannan muƙala labari ce ta wani tsohon malami a birnin Sakkwato, wanda ya taɓa riƙe na farko ya saki na biyu, da kuma abin da ya biyo baya.

Malamin nan ya shafe kusan shekara talatin yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare ta cikin birni, kuma kamar yadda aka saba a makarantun da ba su da isassun ma'aikata, shi aka ɗora wa kula da wasanni tun yana matashi, har abin ya zame masa jiki. Bayan da ya yi ritaya bai bar harkar ba. Duk ranar da ake wasa a filin Giginya, wanda sunansa ke tuna wa mutanen Sakkwato da wurin da dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya suka kara da sojojin Turawa a watan Maris na 1903, za a gan shi ya jingine tsohon babur ɗinsa, ya nemi gefen da inuwa take, ya zauna. Ba ya ihu, ba ya zagin alƙalin wasa, ba ya miƙewa tsaye idan an zura ƙwallo a raga. Abin da ke hannunsa littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta da fensir, saboda haka samarin da ke zama kusa da shi suka laƙaba masa suna Baba mai littafi. Kaɗan ne daga cikinsu suka san dalilin da ya sa da fensir yake rubutu, alhali duk tsawon aikinsa da jan biro aka san shi.

Shekaru da dama da suka wuce, wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗauki yara biyu daga cikin tsofaffin ɗalibansa domin ta gwada su. Dukansu ba su cika shekara ashirin ba, kuma babu wanda ya taɓa buga wasan da ake biyan albashi a cikinsu. Ɗaya ɗan gaba ne, dogo, mai gudu kamar barewa. Ɗayan gajere ne kakkaura, ɗan tsakiya, marar yawan magana, ɗan wani baduku. Bayan wasa uku sai wani jami'in ƙungiyar ya zo har gida ya sami Malam bayan sallar la'asar, ya ce gurbi ɗaya ne ya rage, kuɗi kuma ba za su isa a riƙe duka biyun ba, shi ya sa suka ga ya dace su nemi shawarar wanda ya rene su. Malam ya ɗauko takarda ya ja layi a tsakiya. A gefe guda ya rubuta sunan ɗan gaban, ya sa 3 a ƙarƙashinsa, domin ƙwallo uku ya ci a wasannin uku. A ɗaya gefen ya rubuta sunan ɗan tsakiyar, ya sa sifiri. Ya miƙa wa baƙon takardar yana murmushi, ya ce ga amsa nan, ai gani ya kori ji. Kafin ruwan da aka kawo wa baƙon ya ƙare a moɗa an gama magana.

Aka sallami ɗan baduku, aka riƙe ɗan gaban. Daga nan har ƙarshen kakar wasa ƙwallo ɗaya tak ya ƙara ci. Masu tsaron baya na sauran ƙungiyoyi sun gane cewa ƙafarsa ta hagu ta takawa ce kurum, sai suka riƙa kora shi ta can. 'Yan kallo kuma sun riga sun kumbura masa kai, suna kiransa da sunayen manyan 'yan wasan Turai, har ya fara zuwa atisaye a makare. Akwai kuma wani abu da Malam bai so ya tuna ba, amma ya ƙi barin zuciyarsa: biyu daga cikin ƙwallaye ukun nan, ɗan tsakiyar ne ya ƙwato ƙwallo daga ƙafar abokin hamayya ya miƙa masa. Malam yana filin a ranakun, ya gani da idonsa, sai dai takardarsa ba ta da wurin da za a rubuta wannan.

Bayan wasu shekaru, wata rana babur ɗin Malam ya lalace a wajajen Runjin Sambo, ya tsayar da ɗan kabu-kabu ya kai shi gida. Sai da suka isa ya sa hannu aljihu zai biya, mai babur ya sauko ya durƙusa.

"Allah shi gafarta Malam, ba ka gane ni ba?"

Malam ya dube shi da kyau, gabansa ya faɗi. Ya tambaye shi gida da iyali da lafiyar mahaifinsa, sannan ya yi ta maza ya ce, "Ɗana, ka san ni na ba da shawarar a sallame ka?"

"Na sani, Malam. Ban riƙe ka da komi ba, abin da Allah bai nufa ba ba ya yiwuwa. Amma wasannin nan ukku da masassara niy yi su, kuma biyu daga ciki ba wurina anka aje ni ba, baya anka maishe ni. Da an tambaye ni da na hwaɗi."

Ya ƙi karɓar kuɗin, ya ja babur ɗinsa ya tafi. Malam ya daɗe tsaye a ƙofar gida. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, yaron nan ya shekara shida a gabansa a makaranta, gidansu kuma bai fi tafiyar minti goma ba, amma bai ga ya kamata ya aika a kira shi ya yi masa ko da tambaya ɗaya ba kafin ya ja wancan layi.

Wani abin mamaki kuma, darasin da zai hana shi wannan kuskure shi da kansa yake koyar da shi kowace shekara. Yakan shiga aji da kwabo a aljihu, ya sa yaro ya cilla shi sama sau uku, ya nuna wa ɗalibai a kan allo cewa cikin hanyoyi 8 da kwabon zai iya faɗowa, akwai 2 da fuska ɗaya za ta fito duk sau ukun, wato sau ɗaya cikin huɗu ke nan. Yakan ja kunnensu kada su ce kwabo fuska ɗaya gare shi don kawai sun ga haka sau uku a jere, sai an cilla shi sau ɗari kafin a fara magana. Wasa uku a rayuwar ɗan ƙwallo bai wuce cilla kwabo sau uku ba. Malam ya san wannan a gaban allo, amma da magana ta zo kan ɗan Adam mai uwa da uba da burin ciyar da su, sai ya manta.

Tun daga lokacin ya sake tsarin littafinsa. Kowane sabon ɗan wasa da ya sa wa ido yana da shafinsa, shafin kuma yana da gurabe biyar. Gurbin farko na yanayi ne: minti nawa yaron ya buga, a wane wuri aka ajiye shi, da wa aka kara, a gida ne ko a waje. Wanda aka sako saura minti goma a tashi, ƙungiyarsa tana neman kare abin da ta samu, ba za a haɗa shi da wanda ya buga minti 90 ba. Haka nan wanda ya kwana a mota daga Sakkwato zuwa wani gari mai nisa, ya sauko ya shiga fili a gaban 'yan kallon da ba su ƙaunarsa, ba ɗaya yake da wanda ya kwana a ɗakinsa ba. Zafin watan Afrilu na Sakkwato, wanda kan haura digiri 40, shi ma yana shiga lissafi, domin baƙon da ya zo daga gari mai sanyi kamar Jos numfashinsa na iya ƙarewa tun kafin a tafi hutun rabin lokaci.

Gurbi na biyu shi ne abin da yaro ke yi a lokacin da ƙwallo ba ya ƙafarsa. Idan aka raba minti 90 tsakanin 'yan wasa 22, kowa zai tashi da minti 4 da 'yan daƙiƙoƙi, kuma ko wannan ba ya cika, tun da ƙwallo yakan fita waje, yakan yi yawo a sama, a kuma tsaya jinyar wanda ya ji rauni. Ke nan fiye da minti 85 ɗan wasa yana aiki ne ba tare da ƙwallo ba, idon 'yan kallo kuwa yana can inda ƙwallo yake. Malam yakan bar ƙwallon ya bi yaron da ido. Shin yana waiwayawa ya san wanda ke bayansa kafin a ba shi? Yana toshe gurbin da abokinsa ya bari? Yana dawowa da gudu idan an ƙwace, ko kuwa tsayawa yake yi hannu a ƙugu? A nan yakan tuna da dukawan Sakkwato, waɗanda aikinsu na fatar jar akuya ya yi suna tun kafin zuwan Turawa. Idan yaro mai koyo ya kawo jaka, maigida yakan juya cikinta ya dubi bayan ɗinki, domin ado na fuska kowa yana iya koyonsa da wuri, amma a ciki ake gane hannun da ya nuna.

Gurbi na uku na minti biyar ɗin da ke biyo bayan kuskure ne. Wani yaro idan ya ɓarar da ƙwallo sai ya laɓe a bayan abokin hamayya don kada a sake ba shi, wani ya hau ɗan uwansa da faɗa, wani kuma ya ɗaga hannu yana neman a ƙara ba shi. Na huɗu shi ne bambancin da ke tsakanin wasan farko da na goma, wato ko kuskuren da aka gyara masa a watan jiya yana nan, ko ya bar shi ya kama wani sabo. Malam ya fi son mai sabon kuskure, domin alama ce ta yana tafiya. Sai a gurbi na biyar ake rubuta ƙwallayen da aka ci. A can ƙasan shafi kuma akwai layi uku da ya ware, ya rubuta a kansu: abin da yaron ya ce.

Kasancewarsa mutumin lissafi, Malam ba ya yarda da ma'auni sai ya ɗora shi a kan mutanen da kowa ya san labarinsu. Na farko da yakan kawo shi ne Ahmed Musa, wanda aka haifa a Jos a 1992. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010, yana ɗan shekara 17, ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a gasar ƙwararru ta Nijeriya, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa tun da aka fara gasar a 1990. Ga wanda Larabarsa ta nuna Juma'a sosai, domin daga nan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, ya wuce CSKA ta birnin Mosko a 2012, ya ɗauki kofin Afirka da Nijeriya a 2013, ya zura ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar duniya ta 2014. Sai dai Malam yakan ƙara da abu biyu. Ƙwallayen nan 18 a kaka guda cikakkiya aka tara su, gida da waje, kuma kafin nan yaron ya buga wa JUTH ta Jos inda 'yan ƙwallaye kaɗan ya ci. Bugu da ƙari, a kakar da ta biyo baya Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20, ya shafe wancan tarihi, amma bai kai inda Ahmed Musa ya kai ba. Adadi ɗaya bai isa ya faɗi gobe ba.

Na biyu shi ne Victor Osimhen, wanda labarinsa ya fi taɓa zuciyar Malam. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a ƙasar Chile a 2015, ya ci ƙwallo 10, Nijeriya ta ɗauki kofi. A farkon 2017 ya fara wasa a Wolfsburg ta ƙasar Jamus, ya yi shekara ɗaya da rabi yana fama da rauni da zaman benci, bai ci ko ƙwallo ɗaya ba. Da an ba Malam na wancan zamani takarda da jan biro, sifiri zai sa masa. A 2018, bayan ya yi jinyar zazzaɓin cizon sauro, aka ba da aronsa ga Charleroi ta ƙasar Beljiyam, ya ci ƙwallo 20 a kaka guda. Ya wuce Lille ta Faransa a 2019, sannan Napoli ta Italiya a 2020, inda a kakar 2022 zuwa 2023 ya ci 26 a gasar ƙasar, ƙungiyar ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990, shi kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023. Duk lokacin da Malam ya zo kan maganar zazzaɓin nan yakan yi shiru na ɗan lokaci.

Na uku ɗan gida ne, Shehu Abdullahi, wanda aka haifa a Sakkwato a 1993. Ya buga wa Kano Pillars a zamanin da ta ɗauki kofin gasar Nijeriya sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. Yana cikin tawagar da Stephen Keshi ya kai Afirka ta Kudu a 2014 ta zo ta uku a gasar 'yan wasan da ke bugawa a gida, yana kuma cikin wadda Samson Siasia ya jagoranta ta ciwo tagulla a wasannin Olamfik na birnin Rio a 2016, lambar da ita kaɗai Nijeriya ta samo a can. Ya yi wasa a Kuwaiti da Fotugal da Turkiyya da wasu ƙasashe. Aikinsa tsare tsakiya ne ko baya ta dama, saboda haka wanda ya nemi darajarsa a gurbi na biyar ba zai sami abin kirki ba, alhali masu horarwa daban-daban sun yi ta kiransa. A ranar 16 ga Yunin 2018 aka fara da shi a wasan da Kuroshiya ta ci Nijeriya 2 da nema a gasar duniya ta Rasha. Bayan kwana shida Gernot Rohr ya sake tsari, ba a fara da Shehu ba, aka fara da Ahmed Musa, ya ci Iceland ƙwallo biyu. A gidan kallon unguwarsu Malam ya ji wasu samari suna cewa ai ga shi an gane inda matsalar take. Sai ya tuna musu cewa ƙwallayen Kuroshiya duka biyu daga bugun kusurwa suka samo asali, ɗaya cin gida, ɗaya fenariti, kuma daga baya ƙungiyar nan sai da ta kai wasan ƙarshe. Wanda ya kara da ita da wanda ya kara da Iceland ba jarrabawa ɗaya suka zauna ba.

Misali na huɗu wani tsohon ɗalibinsa da ya yi karatu a Amurka ne ya kawo masa. A can suna da nasu irin wasan da suke kira ƙwallon ƙafa, wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, an kuma fi ɗaukarsa da hannu. Akwai ɗan wasan da aikinsa shi ne ya rungume ƙwallo ya kutsa cikin abokan hamayya da gudu, a auna tazarar da ya ci da yadi. Christian Okoye, haifaffen Inugu, bai fara wannan wasa ba sai a 1984, yana da shekara 23. A 1987 ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi, ya ci yadi 660 a kakarsa ta farko. A 1989 ya ci yadi 1,480, ya fi kowa a gasar. Mai kallon jimla zai ce mutumin ya ninka kansa fiye da sau biyu. Malam kuwa tambaya ya yi, sau nawa aka ba shi ƙwallon? Aka ce sau 157 a shekarar farko, sau 370 a ta ukun. Ya raba, ya sami kimanin yadi 4 a kowace ɗauka a shekarun biyu. Ashe ƙarfin yana nan tun farko, damar da aka ba shi ce ta ƙaru. Har ila yau, mai gudun nan ba ya zuwa ko'ina sai ƙartin da ke gabansa sun ture masa hanya, ga shi kuwa sunansa kaɗai ake rubutawa a gefen adadin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da kuwa mutum ɗaya aka yaba da rufin ɗakin.

A Sakkwatanci kalmar "gwada" tana da ma'ana fiye da ɗaya. Akan ce an gwada yaro, wato an jarraba shi, akan kuma ce "gwada mini hanya", wato nuna mini. Malam yana ganin akwai hikima a haɗuwar ma'anonin nan cikin kalma guda, domin gwajin da bai gwada wa yaro inda zai gyara ba, rabin aiki ne. Wannan magana ta shafi ɗalibi mai koyon aikin malanta ta fuska biyu. Da farko shi kansa sabon shiga ne. Za a tura shi gwajin koyarwa, malami mai dubawa ya shigo ya zauna a bayan aji na tsawon darasi guda, ya ba shi maki ya tafi. Wanda aka ba aji mai yara talatin da kujeru da littattafai, da wanda aka ba aji mai yara tamanin a zaune a ƙasa bayan an dawo daga tara, ba fili ɗaya suka buga ba. Ya kamata ɗalibi ya san haka domin kada makin rana ɗaya ya karya masa guiwa ko ya kumbura masa kai, ya kuma riƙe nasa littafin da zai riƙa rubuta abin da ya gyara tsakanin darasinsa na farko da na goma.

Fuska ta biyu ta fi nauyi. Ba da daɗewa ba jan biro zai koma hannunsa. Za a kawo masa yaro ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare wanda ya fito daga makarantar ƙauye, ya faɗi gwajin lissafi sau uku a jere, alhali Turancin da aka rubuta tambayar da shi ne ya gagare shi, lissafin kuwa a kasuwa yake yi wa mahaifinsa kullum da ka. Za a kawo masa yarinyar da ba ta ɗaga hannu a aji, amma ita ke koya wa ƙawayenta uku da ke cin maki. Abin da malami ya rubuta a katin sakamako yana zuwa gida, kuma akwai uban da jimla ɗaya ta ishe shi ya cire ɗansa daga makaranta. Wannan ne dalilin da ya sa Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun daga fitowarta ta farko a 1977, ta nemi a riƙa auna fahimtar ɗalibi a kai a kai maimakon a rataye komai a kan jarrabawa guda. Sai dai idan malami ya mayar da abin cike gurabe kawai a daren da za a miƙa sakamako, to ya koma kan takardar nan mai layi a tsakiya.

Duk da haka, Malam ba ya cewa a daina yanke hukunci. Ƙungiya tana da iyakar 'yan wasan da za ta iya biya, makaranta tana da ranar da za ta rufe rajista, kuma wanda ya ce sai an shekara arba'in kafin ya buɗe baki, ya guje wa aikinsa ne. Mai yiwuwa ma ko da ya bi duk guraben nan biyar, ɗan gaban zai zaɓa a wancan lokaci. Abin da yake ganin ya wajaba shi ne mai hukunci ya san yawan abin da ya gani, ya faɗi a kan me ya dogara, ya sa kwanan wata, ya ji ta bakin wanda ake aunawa, ya kuma bar ƙofar gyara a buɗe. Wannan shi ne asirin fensir.

A wata Asabar ta hunturu, wani sabon yaro ya shigo fili bayan hutun rabin lokaci, ya yanke mutum biyu ya zura ƙwallo, filin Giginya ya kaure da sowa. Wani saurayi da ke gefen Malam ya juyo yana haki, ya ce, "Baba, mi kag gani ga wanga yaro? Wallahi Turai za shi!" Malam ya gama rubuta abin da yake rubutawa, ya sa kwanan wata a saman shafin, ya ce, "Na ga minti arba'in da biyar, ɗana. Yana da ƙafa, kuma sau biyu na ga ya dawo ya taimaki na bayansa. In Allah ya kai mu wasa na goma ka sake tambayata." Da aka tashi bai bi jama'a zuwa ƙofa ba. Ya gangara wajen da 'yan wasa ke cire takalma, ya yi sallama, ya nemi yaron, ya tambaye shi sunansa da garinsu da kuma wurin da ya saba bugawa.